Hedifon ɗin buga gem mai tsada: abin da za ka duba kafin ka zare kuɗinka

Hedifon ɗin gem shi ne wanda ake ɗorawa a kai ya rufe kunnuwa biyu, yana kuma da makirfo da ke zuwa daidai bakin mutum. Samarinmu suna yawan tambaya a kansa, daga Agege da Idi-Araba har Sabon Ibadan da Shagamu da Fatakwal. Masu buga PUBG Mobile da Call of Duty Mobile da Free Fire a waya su suka fi yawa, sai masu kwamfuta, sai masu PlayStation. Tambayar dai kullum ɗaya ce: wanne ya fi kyau? Ni kuwa nakan mayar wa mutum da tawa tambayar: da me za ka haɗa shi, kuma ta wace hanya? Amsar wannan ita ke raba wanda ya mori kuɗinsa da wanda ya sayo kayan ado.

Kuɗin kuma ba na wasa ba ne. Manyan cikinsu farashinsu a Amurka yana kamawa daga dala 150 zuwa 350, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kowa ya san abin da wannan lissafin yake komawa idan ya iso Ikeja. Ga wani kuɗin hayar ɗaki ne na watanni, ga wani jarin tireda ne sukutum.

Hanyar haɗi, inda aka fi yin asara

Hanyoyi uku ne sauti ke bi ya iso kunnenka. Akwai igiya, ko dai mai kai siriri na milimita 3.5 ko kuma ta USB. Akwai Bluetooth. Sannan akwai ɗan ƙaramin abin da ake sokawa a jikin kwamfuta ko waya, wanda 'yan kasuwa ke kira dongul, yana magana da hedifon ɗin kai tsaye a kan zangon 2.4GHz.

Abin da ya bambanta su shi ne jinkiri, wato tazarar da ke tsakanin faruwar abu a kan allo da isowar ƙararsa kunnenka. Ana auna shi da milisakan, kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Igiya kusan ba ta da jinkiri ko kaɗan. Dongul mai kyau yakan tsaya ƙasa da milisakan 40, kunne ba ya ma lura. Bluetooth na gama-gari kuwa yakan wuce 100, wani lokaci ya kai 200 ko ya zarce. Ka yi lissafi: gem ɗin da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa ɗaya, kowane hoto yana cin milisakan 17 ne kacal. Jinkirin 200 ke nan hoto goma sha biyu sun wuce kafin ka ji takun wanda ya biyo ka ta baya. A Free Fire ko PUBG, ai an riga an kwantar da kai.

Wani zai ce, to ni ina kallon YouTube da fim ɗin Kannywood da Bluetooth, baki da murya suna tafiya daidai. Gaskiya ne. Wayar ce take riƙe hoton na ɗan lokaci har sautin ya cim masa. Gem ba zai iya wannan dabarar ba, domin abin da zai faru a gaba yana hannun yatsunka ne.

Bluetooth yana da wata matsalar ta biyu wadda ba a cika faɗa wa mai saye ba. Da zarar ka buɗe makirfo don magana da abokan wasanka, sai ya sauka daga tsarin sauraron kiɗa ya koma tsarin kiran waya. Sautin ya ƙanƙance, hagu da dama su haɗe su zama abu ɗaya, ka rasa ta ina harbi ke fitowa. Sabon tsarin da ake kira LE Audio ya zo ya rage wannan, amma sai wayar da hedifon ɗin duk suna da shi. Ƙananan iyafis irin na Oraimo da ke da yanayin gem suna rage jinkirin, kuma don kuɗinsu sun yi ƙoƙari, sai dai ba su kamo dongul ba.

Saboda haka idan kana son marar igiya wanda zai yi maka aiki a kwamfuta da waya duka, dongul za ka nema, kuma ka dubi bakinsa. Wasu na zuwa da babban baki na USB-A, irin na filas, wanda sai kwamfuta. Wasu na zuwa da USB-C, wanda zai shiga yawancin wayoyin Android na yanzu da kuma iPhone daga ta 15 da ta fito a 2023. SteelSeries Arctis Nova 7 da Audeze Maxwell duk USB-C ne dongul ɗinsu. Razer BlackShark V2 Pro na 2023 da Logitech G Pro X 2 kuwa USB-A ne, ko da yake suna da Bluetooth a gefe. Mai USB-A yakan yi aiki a waya idan ka sa masa ɗan mahaɗin OTG, amma zai riƙa reto a gindin wayar yana takura wa hannunka. A wasu wayoyin Android ma sai ka shiga saiti ka kunna OTG ɗin da kanka kafin su gane an soka musu wani abu. Ka kuma tuna dongul ya toshe ramin caji. Wanda ke doguwar buga wasa sai ya nemi mahaɗi mai baki biyu, ɗaya na caji ɗaya na sauti.

Akwai waɗanda ke karɓar dongul da Bluetooth a lokaci guda. Nova 7 da babban wansa Nova Pro Wireless suna yi. Kana wasa a kwamfuta, kira ya shigo wayarka daga gida, ka amsa ba tare da ka cire komai ba. Ga ɗan kasuwar da kwastoma ke nemansa kowane lokaci, wannan kaɗai ya isa dalilin ƙarin kuɗi.

Mai igiya fa? Har gobe shi ne mafi sauƙin sha'ani: ba caji, ba jinkiri, ba abin da zai ɓata. Matsalar ita ce ramin. Apple ya cire shi tun iPhone 7 a 2016, Samsung ya bi sahu a manyan wayoyinsa, amma da yawa daga cikin Tecno da Infinix da itel har yanzu suna da shi. Idan wayarka ba ta da ramin, mahaɗin USB-C da za ka saya ya zama mai ɗan injin sauti a cikinsa, wanda ake rubuta DAC a kwalinsa. Na arha marar shi ba ya aiki a wayoyi da yawa, ciki har da manyan Samsung. A kwamfutar tebur mai ramuka biyu, kore na sauti da ruwan hoda na makirfo, sai an sa igiya mai raba kai biyu.

Masu na'urar wasa su lura da kyau. PlayStation 5 ba ta karɓar hedifon ɗin Bluetooth na gama-gari, sai dongul ko igiya a jikin abin riƙewa. Xbox kuma tana da nata tsarin daban, dole kwalin ya nuna na Xbox ne. Galibi wanda aka yi wa Xbox yakan yi aiki a PlayStation da kwamfuta, amma na PlayStation ba ya yi a Xbox.

Rubutun jikin kwali

Za ka ga an rubuta 7.1 da manyan baƙi. Lasifika biyu ne dai a ciki, ɗaya a kowane kunne. Sauran duk manhaja ce ke yi wa kunne dabara ya ji kamar sauti na zuwa daga gaba da baya. Windows 10 da 11 suna da irin wannan kyauta mai suna Windows Sonic, PlayStation 5 ma tana da nata da ke aiki da kowane hedifon. A waya kuwa manhajar kamfanin galibi ba ta aiki, kuɗin 7.1 ɗin ya tafi a banza. Da yawa daga cikin masu buga gasa kashe shi ma suke yi su bar hagu da dama zalla.

Girman lasifikar ciki, milimita 40 ko 50 ko 53, ba ya nuna inganci. Haka lambar nan da ke cewa yana kai wa 40,000Hz, alhali kunnen ɗan'adam iyakarsa wajen 20,000 ne, kuma da shekaru raguwa yake yi. Abin da na fi so mutum ya saurara shi ne dum-dum ɗin bes. Mai sayarwa zai sa maka waƙa mai duka a ƙirji, ka ji daɗi ka ce wannan shi ne. A cikin wasan harbi wannan rugugin shi ke binne takun ƙafa da ƙarar canza harsashi. Nemi wanda muryar mutum ke fita tas a cikinsa, bes ɗin kuma kana iya ƙara shi daga baya a saiti.

Inda na yarda tsada tana sayen sauti na gaske shi ne Audeze Maxwell. Lasifikarsa wani irin siririn faifai ne mai faɗin milimita 90 da maganaɗisu ke girgizawa gaba ɗayansa, shi ya sa ƙananan sautuka ke fita daban-daban ba su cakuɗe ba. Kamfanin Sony ya sayi Audeze ɗin a 2023. Sai dai yana da nasa harajin, kuma wuyanka ne zai biya.

Nauyi, gumi da damina

Wannan ɓangaren shi ne masu sharhin Turai da Amurka ba sa daɗewa a kai, domin a ɗaki mai sanyi suke gwaji. Mu kuwa a Legas ko Fatakwal ko Warri muke, inda iska ke ɗauke da laima kusan duk shekara, kuma ba kowa ke da na'urar sanyaya ɗaki ba.

Fara da nauyi. Maxwell giram 490 ne, kusan rabin kilo a kanka. Logitech G Pro X 2 giram 345 ne, BlackShark V2 Pro 320, Logitech G435 mai sauƙin kuɗi kuwa 165 kacal. A minti biyar na gwaji a shago ba za ka ji bambanci ba. Bayan awa uku wuya da tsakiyar kai za su ba ka labari. A ganina duk abin da ya haura giram 350 sai wanda ya tabbata zai iya. Ka kuma duba matsewarsa a gefen kai, musamman idan kana sa tabarau, domin yana danna sandar tabarau cikin fata. Masu son zama da hula kuma, haƙuri za a yi, zanna-bukar da hedifon ba sa zama a kai ɗaya.

Sai soson kunne. Iri biyu ne suka fi yawa: mai rufin fatar roba da mai rufin yadi. Fatar roba tana toshe hayaniya sosai, tana kuma riƙe bes, amma tana tara zafi, kunne ya yi sharkaf da gumi. Mafi muni, gumi da laima suna cin ta. A yanayinmu na kudu ba ta daɗewa take fara sāɓulewa, ka riƙa ganin baƙin ɓarɓashi a kunne da wuyan riga. Yadi yana shan iska, ana iya cire shi a wanke, sai dai hayaniyar waje tana ɗan ratsowa. Ni dai a nan yadi nake zaɓa. Wasu, kamar G Pro X 2 da HyperX Cloud II, suna zuwa da iri biyun a kwali, ka sa wanda ya dace da lokacin.

Tambayar da za ka yi kafin ka biya ita ce: ana cire soson a sa wani? Kuma ana samunsa? Sanannun samfura irin su Cloud II, wanda ke kasuwa tun 2015, sosonsu yana ko'ina a intanet da ɗan kuɗi kaɗan. Wanda ba a san shi ba, ranar da sosonsa ya mutu shi ma ya mutu, ko da lasifikarsa lafiya lau take. Haka igiya da makirfo: wanda ake cirewa a mayar ya fi wanda aka haɗe da jiki, don igiya ita ce ke fara tsinkewa ta ciki.

Kulawa ba ta da wuya. Ka goge gumin da ƙyalle bayan ka gama, ka rataye shi inda iska ke bugawa. Kada ka cusa shi a jaka yana jiƙe, da damina fumfuna za ta kama soson cikin 'yan kwanaki. 'Yan ƙananan ƙullin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi, ka jefa biyu a inda kake ajiye shi.

Akwai kuma masu buɗaɗɗen baya, waɗanda aka yi wa raga a waje. Sun fi sanyi a kunne, sautinsu ya fi faɗi. Amma duk abin da kake ji na kusa da kai yana ji, kai ma kana jin duk abin da ake yi a tsakar gida. Wanda ke gidan haya na yawa, ko yake kwana ɗaki ɗaya da mutum uku, rufaffe zai saya. Masu kashe hayaniya da lantarki, wato ANC, irin Nova Pro Wireless da Sony Inzone H9, suna da tasiri a kan ƙara mai ɗorewa iri ɗaya kamar gurnanin janareta da fanka. Muryar mutane da hon ɗin danfo kam suna shigowa. Yawancinsu suna da maɓallin da ke buɗe maka sautin waje, ya kamata ka san inda yake, don kada a yi ta sallama a bakin ƙofa kana can wata duniyar. A kan titi kuwa, tsakanin okada da keke, kada ma ka fara.

Makirfo da batir

Makirfo mai sanda da ke zuwa gefen baki ya fi wanda aka ɓoye a jikin kunne nesa ba kusa ba, musamman inda ake hayaniya. Gwajinsa mai sauƙi ne: ka tsaya kusa da fanka ko bakin shago, ka ɗauki saƙon murya a WhatsApp, ka saurara. Ka duba yana da hanyar kashe shi nan take, ko maɓalli ko ɗaga sandar sama. Wani abu mai amfani shi ne wanda ke dawo maka da muryarka kaɗan a kunne. Idan babu shi, mutum yakan yi ta ihu da tsakar dare bai sani ba, maƙwabta suna tsine masa. Wanda ke karatu ta intanet ko taron Zoom na wajen aiki, makirfo mai kyau riba biyu ce gare shi.

Batir kuma, da halin wutarmu, abin dubawa ne. Ga abin da kamfanonin suka ce: Nova 7 na farko awa 38, G Pro X 2 awa 50, BlackShark V2 Pro awa 70, Maxwell awa 80, HyperX Cloud III Wireless awa 120. HyperX Cloud Alpha Wireless ya kere kowa da awa 300, amma dongul ɗinsa USB-A ne, ba shi da Bluetooth, ba shi da ramin igiya, don haka na kwamfuta da PlayStation ne, mai waya ya kauce masa. Nova Pro Wireless ya bi wata hanyar: batir biyu ne, ɗaya a kai ɗaya yana caji a cikin akwatinsa na tebur. Dabara ce mai kyau tunda batir shi ne ke fara tsufa bayan 'yan shekaru, sai dai akwatin ba abin yawo ba ne, a waya Bluetooth za ka koma. Fitilu masu launi da ake ƙawata wasu da su batir kawai suke sha, kai da ke sanye da shi ma ba ka ganinsu. Ka tambaya ko yana aiki da igiya idan batir ya mutu. Wasu suna yi, wasu ko da igiyar sai da caji, Maxwell na cikin waɗannan.

Idan aka ce in zaɓa, ga yadda nake gani. Wanda waya kaɗai yake bugawa ba ya buƙatar na dala 300. Iyafis mai igiya mai kyau, ko HyperX Cloud III mai igiya da ke zuwa da kan 3.5 da USB-C da USB-A duka, ya wadatar, ragowar kuɗin ya sa a data ko ya ƙara ya canza waya. Wanda ke tsalle tsakanin laftof da waya, Nova 7 ko wani mai irin tsarinsa. Wanda ke zaune a tebur, yana son kiɗa da fim kamar yadda yake son wasa, kuma wuyansa na da ƙwari, Maxwell.

Kunnen kansa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron ƙara mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da illa ba. Idan ta kai 90, awa 4 ne kawai a makon. A 100 kuwa minti 20. Yawancin hedifon suna iya kai wa can idan aka ƙure su. A watan Maris na 2025 hukumar tare da ƙungiyar sadarwa ta duniya ITU sun fitar da ƙa'ida ta musamman kan sauraro a wasannin bidiyo, abin ya kai a damu ke nan. Abin da ke sa mu ƙure murya shi ne hayaniyar da ke kewaye da mu, shi ya sa hedifon mai toshewa da kyau yake taimakon kunne: kana jin komai a rabin murya. Idan ka cire shi ka ji kunne na ƙara "wiii", ko magana ta koma kamar daga cikin rijiya, ka wuce gona da iri. Ƙwayoyin ji na cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Iyaye masu saya wa yara su shiga saitin wayar, akwai inda ake ƙayyade iyakar ƙara.

A kasuwa

A Legas, Computer Village da ke Ikeja da Alaba International su ne matattara. A Fatakwal akwai Garrison, a Anaca akwai Emeka Offor Plaza, a Aba akwai titin St. Michael. Akwai na gaske a waɗannan wurare, akwai kuma jabu kamar kowace babbar kasuwa, kuma sanannun sunaye su aka fi kwaikwaya. Kwali ba shaida ba ne yanzu. Farashin da ya faɗi ƙasa da rabin na dala kuwa shaida ce, ta jabu. Ka wuce 'yan jan hannu na bakin hanya ka shiga shago mai suna da adireshi, wanda za ka iya dawowa gobe ka same shi.

Ka je da wayarka da gem ɗinka a ciki, in da hali har da laftof. Ka sauke manhajar kamfanin tun daga gida: G Hub ta Logitech, Synapse ta Razer, Ngenuity ta HyperX, GG ta SteelSeries. Na gaske mai USB ko dongul, kana sokawa manhajar za ta kira sunansa. Ka shiga filin atisaye na gem ɗin ka yi harbi ɗaya-ɗaya, ka ga ko ƙarar na zuwa tare da wutar bindiga. Ka rage murya ƙasa sosai ka ji ko kunne ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi. Ka murɗa igiyar a gindinta ka ji ko tana ƙaraf-ƙaraf. Sannan ka bar shi a kanka aƙalla minti goma sha biyar, ko mai shago na tsaki.

Tokumbo yana iya zama sa'a, amma da sharaɗi. Dongul ɗinsa na asali ya kasance a wurin, a kuma gwada shi a gabanka, domin kowane samfuri da nasa, na wani ba ya yi wa wani, kuma samo shi shi kaɗai aiki ne. Ka duba maƙalar da ke haɗa kunnen da abin kai ko ta tsage, nan ne suka fi karyewa. Ka cire kuɗin sabon soso daga farashin, don na jikinsa gumin wani ne. Batirinsa kuma ba wanda zai iya rantse maka a kai.

Garantin kamfanonin nan galibi yana bin ƙasar da aka sayar da kayan ne da dillalin da suka amince da shi, saboda haka abin da za ka dogara da shi a nan shi ne na mai shago. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke kula da ita, ta ba ka damar mayar da kaya mai aibi, amma ba ka da bakin magana in babu takarda. A rubuta maka rasit mai ɗauke da sunan samfurin, lambar jikinsa, kwanan wata da yawan kwanakin da aka ba ka na gwaji. Ka haɗa lambar da ke kan kwali da wadda ke jikin hedifon ɗin, sau da yawa tana ƙarƙashin soson kunne ko a cikin abin kai. Idan ta intanet ka yi oda, ka kunna bidiyo tun kafin ka yanke leda, ka ɗauka har zuwa lokacin da ka soka dongul ɗin sauti ya fito.